Bargo ɗaya, hannu uku: me ya sa saƙarmu take karkacewa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni saƙar kwarashi nake yi, mahaifiyata kuma ta kibiya ta iya tun tana budurwa, sai 'yata mai shekara 9 da ta matsa mini sai na koya mata. Ƙanwata ta kusa haihuwa, muka ce bari mu uku mu haɗu mu saƙa wa jaririn bargo. Na fara da ido 90, in na gaji yarinyar ta karɓa. Ranar da muka shimfiɗa shi sai ga ƙasa da faɗi, sama a tsuke, gefe kuma kamar haƙoran zarto. Wanda Mama ta saƙa don a haɗa shi ma nannaɗewa yake yi ko an danne shi. Zaren ne ba shi da kyau, ko daga gare mu ne? Dunƙule nawa ya kamata in saya? Ga autana mai shekara 5 shi ma yana ta rigima a ba shi nasa.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sauki ƙanwarki lafiya. Zaren ba shi da laifi. Matsalar daga tsarin aikin take: an ɗora hannu biyu a kan saƙa ɗaya, alhali ba a taɓa samun mutum biyu da suke jan zare daidai ba.

Kafin ki warware komai, ɗauko bargon ki ƙirga idanun layin ƙarshe. Wannan ƙirgar ce za ta raba miki gardama.

Idan kin samu 90 cif, to bambancin hannu ne. A ce hannunki yana ba da ido 12 a cikin santimita 10, ido 90 zai ba ki faɗin santimita 75. Mai koyo kuwa kusan kullum damƙe zare take yi don tsoron kada ya suɓuce, sai nata ya zama 14 a santimita 10. Wannan ido 90 ɗin a hannunta santimita 64 ne. An rasa santimita 11 ke nan ba tare da an zubar da ido ko ɗaya ba.

Idan kuma kin samu ƙasa da 90, to idanun gefe ake tsallakewa, kuma haƙoran da kika gani sun fi nuna hakan. A dogon ido, wanda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka, ana yin sarƙa 3 a farkon layi don a hau sama. Wannan sarƙar tana tsaye ne a matsayin ido na farko. Saboda haka idan aka juyo, ido na ƙarshe a kan sarƙar nan ta uku yake sauka. Ita kuwa ƙarama ce, a matse take, kuma kwanciya take yi a gefe, mai koyo ba ta ganinta sai ta juya aikin tana zaton layi ya ƙare. Ido ɗaya a kowane layi ba ya nuna kansa, amma bayan layi 20 an yi asarar ido 20, kusan santimita 17. Akwai kuma akasin haka: a yi sarƙa 3, sannan a sake soka ido a gindinta, sai layin ya ƙaru da ɗaya. In yau an rage gobe an ƙara, gefe ba zai taɓa miƙewa ba. Maganin ba shi da tsada. Ki maƙala fil ko guntun zare mai wani launi a ido na farko da na ƙarshe na kowane layi tun lokacin da aka yi su, ki kuma sa a ƙirga duk bayan layi biyu.

Na Mama kuwa ba kuskure ta yi ba. Idan aka saƙa layi ɗaya na gaba, layi ɗaya na baya, ana samun wannan saƙa mai santsi ta jikin suwaita, kuma ɗabi'arta ce nannaɗewa: gefe biyu su lanƙwashe zuwa baya, sama da ƙasa su naɗo gaba. Fuskarta da bayanta ba sa jan zare daidai, shi ya sa. Guga ba ta gyara ta, danne ta da nauyi ma kwana ɗaya yake yi. Ko dai ta saƙa kowane layi da saƙar gaba zalla, wadda ke fitar da kunya-kunya kuma take kwanciya lamɓas, ko ta bar ido 4 zuwa 5 a kowane gefe da layi 6 a sama da ƙasa tana yi musu gaba zalla.

Shawararmu ita ce ku bar karɓa-karɓa. Ku raba bargon falle-falle masu kusurwa huɗu, kowa ta saƙa nata daga farko har ƙarshe, awo ya zama shi ne alƙali. Falle mai santimita 15 ta kowane gefe, guda 5 a faɗi, 6 a tsawo, falle 30 ke nan, bargo mai kimanin santimita 75 da 90 kafin baki. Ki yanko kwali daidai santimita 15, ki ajiye a cikin jakar saƙa, duk wadda ta gama falle ta ɗora a kai. Wannan tsarin ya fi dacewa da gida mai hidima, domin falle ɗaya yana shiga jaka, ana gama shi a zama ɗaya ko biyu, kuma in ya lalace shi kaɗai za a warware.

Ke da yarinyar ku yi fallen da ake farowa daga tsakiya. Sarƙa 4, a haɗa ta zama zobe. Sarƙa 3, dogon ido 2 a cikin zoben, sarƙa 2. Sai dogon ido 3 da sarƙa 2 har sau uku, a rufe a kan ta uku cikin sarƙa 3 ɗin da aka hau da su. An samu rukuni 4 da kusurwa 4. Daga zagaye na biyu, kowace kusurwa tana karɓar dogo 3, sarƙa 2, dogo 3, sauran ramukan gefe kuma dogo 3 kawai, da sarƙa 1 tsakanin rukuni da rukuni. Zagaye na farko dogo 12 ne, na biyu 24, na uku 36, kullum ana ƙara 12. Daɗin wannan ga yaro shi ne a rami ake soka kwarashi, ba a neman kan ido, kuma babu gefen da za a tsallake. Da zare matsakaici da kwarashi mai milimita 5, zagaye 5 yakan kai santimita 15 ko kusa da haka. Idan na yarinyar ya fito ƙarami, kada ki ce mata ta saki hannu, ba za ta iya yi da umarni ba. Ki ba ta kwarashi mai milimita 5.5 ko 6, ke ki riƙe mai 5. Bambancin rabin milimita ko milimita ɗaya yakan daidaita hannu biyu.

Mama kuma ga hanyar da ba sai ta yi lissafi ba: ta faro daga kusurwa. Ido 3 a kibiya, gaba zalla, tana ƙara ido ɗaya a farkon kowane layi. Zai riƙa buɗewa mai kusurwa uku. Da gefensa ya kai santimita 15, sai ta koma rage ido ɗaya a farkon kowane layi har ya dawo 3, ta rufe. Ko hannunta a sake yake ko a matse, fallen zai fito daidai awo, domin da tef aka tsayar da shi.

Batun zare. Ki duba takardar da ke naɗe da dunƙulen. Kamfanoni da yawa suna sa lambar kauri daga 0 zuwa 7. Lamba 4 ce matsakaiciya, ita ta fi sauƙi ga mai koyo, kuma tana tafiya da kibiya mai milimita 4.5 zuwa 5.5. Duk ku uku ku yi aiki da iri ɗaya, kamfani ɗaya, ko da launi ya bambanta. Idan aka gauraya ulu da auduga da akirilik, wato zaren roba, a bargo ɗaya, wankin farko zai tona asiri, domin kowanne da yadda yake amsa ruwa: ulu na gaske yana cuɗewa ya tsuke in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa, auduga tana yin nauyi ta saki, akirilik kuwa yana nan yadda yake. Ga kayan jariri da za a riƙa wankewa kusan kullum, akirilik mai laushi ko gaurayen auduga da akirilik shi ne abin da muke zaɓa. Auduga zalla tana da daɗin jiki amma ba ta miƙewa, tana gajiyar da yatsun mai koyo. In akwai tsofaffin dunƙulen da takardarsu ta ɓace, ki yanko guntu ki kai bakin wuta a wurin da babu yara: ulu yana warin ƙonannen gashi kuma yakan mutu da kansa, auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi, akirilik yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri.

A wannan takardar akwai wata lamba da mutane ba sa kulawa da ita, lambar rini. Dunƙule biyu masu launi ɗaya da aka rina a lokuta daban-daban sukan sha bamban kaɗan. A hannu ba za ki gane ba, sai an haɗa bargon an shimfiɗa a rana. Ki sayi duk abin da kike buƙata lokaci ɗaya, lamba ɗaya.

Yawan da za ki saya kuwa sikeli ne zai gaya miki. Ki saƙa falle ɗaya ki auna. A ce ya yi giram 16: sau 30, giram 480. Ki ƙara kashi 20 cikin 100 saboda haɗi da baki da wutsiyoyi, ya kama wajen giram 580, wato dunƙule 6 masu giram 100. Ki auna na Mama daban, domin kwarashi yawanci ya fi kibiya cin zare. Wanda kuka riga kuka saƙa kuma bai tafi a banza ba. Ki warware shi, ki naɗe a bayan kujera, ki ɗaure a wuri huɗu, ki jiƙa, ki rataye ya bushe, lanƙwasar za ta ragu sosai.

Wurin da yawancin bargunan haɗaka suke lalacewa shi ne haɗi, don haka a nan mutum ɗaya za ta yi aikin, kuma ke ce. Kowane falle, na kwarashi da na kibiya, ki zagaye shi da gajeren ido, wanda ba a naɗa zare a kwarashi kafin a soka, da zare mai launi ɗaya: ido 20 a kowane gefe, 3 a kowace kusurwa. Ko gefen ya ɗan fi tsawo ko ya gaza, ki raba 20 ɗin daidai a kansa. Yanzu duk fallayen suna da adadi ɗaya, ido zai fuskanci ido, babu mai jan wani. Wannan zagayen zai ƙara wa kowane falle kamar santimita 1, ki sa shi a lissafi. Sai ki jiƙa su, ki matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ki kafe su da fil a kan awo ɗaya su bushe. Akirilik yana son tururi kaɗan, amma dutsen guga ya tsaya sama da shi, kada ya taɓa. In ya taɓa, zaren ya mutu, zai yi sheƙi ya saki kuma ba ya dawowa. Wajen jerawa ki sa na kibiya tsakanin na kwarashi, domin na Mama sun fi miƙewa, maƙwabtansu ne za su riƙe su. A bakin ƙarshe, in kin ga yana yin tattara, idanu sun yi yawa. In yana kifewa ciki, sun yi kaɗan ko kin manta ƙari a kusurwa.

Kada ki yarda da ƙulli. Duk inda aka fara ko aka yanke zare, a bar wutsiya mai santimita 15, a sa a allurar ulu mai dakusasshen baki, a bi da ita cikin saƙar santimita 4 ko 5, a juyo a bi ta wata hanya, sannan a yanke. Ƙullin da aka yanke gab da gindinsa wanki uku ko huɗu yake jira ya kwance, kuma a tsakiyar falle yake fara ɓarna. Ki sa a riƙa ɓoye wutsiyoyin kowane falle ranar da aka gama shi. Falle 30 masu launi uku suna da wutsiya 180, babu mai son ta tarar da su a rana ɗaya.

Auta kuma a ba shi nasa, amma ba kibiya ba. Yaro mai shekara 5 zai iya saƙar yatsa: a yi zarge ɗaya, ya riƙa zura yatsa yana jawo zare ta ciki, sarƙa tana tsawo. A ba shi zare mai kauri, mai haske, marar gashi, don ya ga abin da yake yi. Baƙin zare ko babba yana wahalar ganin idonsa. Zai kuma iya naɗe dunƙule, da ƙirga fallaye, da zaɓen wanda zai zauna kusa da wanne. Ita mai shekara 9 minti 15 zuwa 20 ya ishe ta a zama ɗaya. Ki zauna gefenta in hannunku ɗaya, in bahaguwa ce ki zauna gabanta ta kwaikwaye ki. Fallenta da ya ɗan karkace amma ya cika awo, ki bar shi a bargon. Yaron da ya wayi gari ya tarar an warware aikinsa da daddare ba kasafai yake sake ɗaukar kwarashi ba. In kuma za ta bi zane daga intanet, ki duba daga ina ya fito: harufan dc a tsarin Amurka dogon ido ne, a na Ingila gajere ne.

Sai abin da ya shafi jaririn kansa. Kada a sa maɓalli, duwatsu, tuntu ko igiya a jikin bargon, kuma sarƙar auta ma kada ta zama abin ɗauri a kai. Ramukan fallen kwarashi suna iya kama ƙananan yatsu. In sun yi miki faɗi, ki cire sarƙa 1 ɗin da ke tsakanin rukunai, sai su matse. Ki wanke shi da sabulu marar ƙamshi kafin a kai, ki bi shi da hannu ki cire duk wani sakakken zare ko gashi, domin silin zare yana iya naɗe yatsar jariri ya hana jini gudu. Likitocin yara suna gargaɗin kada a bar sakakken bargo a makwancin jaririn da bai cika shekara 1 ba yana barci. Ki gaya wa ƙanwarki wannan na riƙo ne a hannu da shimfiɗa idan tana kusa, ya zama na rufa bayan ya shekara.