Toshiyar Baki, Barazana da Tonon Asiri: Amsoshin Wannan Mako

Malam, mece ce Hausar "blackmail"? A rediyo ina jin "ɓata suna", wani abokina kuma ya ce "baƙar wasiƙa". (Daga Zariya)

Dukansu biyu sun kauce. Ka gaya wa abokinka babu wasiƙa a cikin maganar. Rabin kalmar na biyu, wato "mail", tsohuwar kalma ce ta mutanen Sikotlan mai nufin haya ko haraji, kuma asalinta kuɗin da manoman kan iyakar Ingila da Sikotlan suke biyan mahara a ƙarni na 16 don a ƙyale musu dabbobinsu. Mu da muka san harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka ba sai an yi mana dogon bayani ba.

"Ɓata suna" kuwa ita ce ke ƙona mini rai. Ɗan siyasa ya sha suka, ya fito ya ce ana yi masa wannan abu, mai fassara ya bi shi ido rufe. To ai wanda ya ɓata maka suna ya riga ya harba kibiyarsa. Mai "blackmail" kuwa ɗana bakan ya yi, ya saita ka, ya ce kawo kaza ko in saki. Jarinsa shi ne asirin da bai tonu ba, ranar da ya tona shi kasuwa ta watse. Yaya za a ba su suna ɗaya?

Ba mu da kalma guda, kuma ba abin kunya ba ne. A ce "tatsa ta hanyar barazanar tona asiri". Ta yi tsawo, amma ta ɗauko ƙafafu ukun da abin yake tsaye a kansu: asiri, barazana, da abin da ake nema, kuɗi ne, kujera ce, ko lalata. Cire ɗaya, magana ta sauya. Babu nema, tsoratarwa ce kawai. Babu barazana, roƙo ne. In kuma zancen ƙirƙira ne, sharri ya shigo, idan na zina ne sunansa ƙazafi, mai bulala 80 a aya ta 4 ta Suratun Nur.

Toshiyar baki da cin hanci ɗaya ne? (Daga Maraɗi)

A'a. Hanci ana ba da shi don a yi maka wani abu, toshiya don a yi shiru. Ka kuma lura da wanda ya fara buɗe baki: in mai asirin ne ya kawo da kansa, toshiya ce; in mai riƙe da asirin ne ya yanka farashi, mun koma tambayar farko.

In abin da na sani a kan mutum gaskiya ne, ina da ikon faɗa, ina kuma da ikon neman kuɗi a wurinsa. Me ya sa haɗa su ya zama laifi? (Daga Kano)

Malam, ka taɓo inda masana shari'a suka daɗe suna kai-komo. A ganina amsar tana cikin kalmar "ciniki". Ciniki yana buƙatar yarda, mai tsoro kuwa bai yarda ba, miƙa wuya ya yi. Sannan me ka sayar masa? Shirun da ba ya ƙarewa, don gobe kana iya dawowa da haja ɗaya. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta ware kasuwancin da aka yi da yardar juna.

Dokar ƙasa ma ba ta tambayar ko gaskiya ce. Kundin laifuffuka na Arewacin Najeriya da ya fara aiki a 1960, a sashe na 291, ya duba cewa ka jefa mutum cikin tsoron cutarwa har ya miƙa maka dukiya, kuma cutarwar ta haɗa da ta mutunci. Sashe na 292 ya tanadi ɗauri har shekara 5, ko tara, ko duka. Kaduna ta sabunta nata kundin a 2017, don haka lambobi sun bambanta. In ta waya ko intanet aka yi, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya shigo.

In kuwa laifi ne ya aikata, hukuma za ka kai wa. Ka ce "biya ni in yi shiru", kun zama masu laifi biyu.

Mene ne "lago"? (Daga Garwa)

Wurin raunin mutum. "Ya samo lagonsa", wato ya gano inda zai taɓa shi ya rusuna.

Wata ƙawata ana yi mata barazana da hotunanta. Na ce ta biya, "a bar kaza cikin gashinta". Na yi daidai? (Daga Sakkwato)

Malama, kin ɗora karin a inda ba gurbinsa ba. Ana faɗarsa ne don a hana tone-tone tsakanin mutanen da kowa ke son a rufa, nan kuwa wani ne riƙe da wuƙa. Biyan farko shaida ce gare shi cewa akwai tsoro kuma akwai kuɗi, sai ya ƙara farashi. Kada ta biya, kada ta tura wani hoton. Kuskuren da aka fi yi shi ne goge hirar don kunya, alhali ita ce hujja. Ta ɗauki hoton saƙonnin da kwanan wata a jiki, ta ajiye lambar wayarsa da lambar asusun bankin da ya turo, sannan ta daina amsa masa. Ta sanar da babba ɗaya a gida, su je wurin 'yan sanda tare.

"Asiri" Hausa ce? (Daga Kumasi)

Aro ce daga Larabci, "sirr", an haɗiye ta da "as" ɗinta.