Ninja Da Ɗan Fashin Teku: Ina Haɗarin Yake Ga Yaro?

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 13 ya tsunduma cikin wata gardama ta intanet, wai tsakanin ninja da ɗan fashin teku wa zai ka da wani. Da farko hotunan ban dariya kawai suke tura wa juna shi da abokansa. Yanzu ya fara naɗe fuska da baƙin ƙyalle, ya diro daga katanga ya gurɗe ƙafa, kuma ya matsa mini lamba in biya masa kuɗin wani darasi a intanet da aka ce ana koyar da sirrin ninja. Hankalina ya tashi. Wata ƙungiya ce ke jan yara? In hana shi kwata-kwata? Daga wata uwa.

Amsa: Malama, Allah Ya ba yaron lafiya. Kafin komai, idan har yanzu yana ɗingishi ki kai shi a yi wa ƙafar hoto. A shekarunsa ƙashi bai gama ƙwari ba, kuma abin da ake ɗauka targaɗe ne wani lokaci tsagewa ce a gaɓar da ƙashin ke girma.

Ita gardamar kanta ba ƙungiya ba ce, ba ta da shugaba, ba ta da rantsuwa. Tsohon barkwanci ne da ya yaɗu a intanet a farkon shekarun 2000. A 2002 wani shafi mai suna Real Ultimate Power ya yi suna wajen zuzuta ninja da gangan don a yi dariya, a shekarar kuma ranar kwaikwayon maganar 'yan fashin teku, 19 ga Satumba, ta shahara a Amurka. Fim ɗin Pirates of the Caribbean ya fito a 2003. Ga kuma labaran zane na One Piece da ya fara fita a 1997 da Naruto a 1999, ɗaya na 'yan fashin teku ɗaya na ninja, duk a mujalla ɗaya a Japan. Yara suka rabu gida biyu: masu son mai shiru, mai horo, mai aiki a ɓoye, da masu son mai hayaniya da bindiga wanda ba ya bin dokar kowa. Ba a taɓa gwabza wannan faɗa ba. Lokacin da fashin tekun Karebiyan ke tashe, daga wajen 1650 zuwa 1730, Japan, ƙasar ninja, ta riga ta taƙaita hulɗarta da waje tun shekarun 1630.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne wancan darasin. Kar ki biya. Kusan kullum sai na haɗu da matashin da ya yarda cewa akwai wani ɓoyayyen ilimin ninja, wanda idan ka samu za ka diro daga bene ba ka ji komai ba, ka cafke kaifin takobi da tafin hannu, ka ɓace wa mai bin ka. Babu wannan ilimin. Ba a ɓoye shi ba, babu shi ne.

Ninja na tarihi sun wanzu, musamman a yankunan Iga da Koka na Japan a zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 15 da na 16, har wani sarkin yaƙi mai suna Oda Nobunaga ya murƙushe Iga a 1581. Amma aikinsu leƙen asiri ne. Littattafansu suna nan, an fassara su, kowa na iya karantawa. Bansenshukai na 1676 ya cika da bayanin yadda ake kutsawa cikin sansanin abokan gaba, da lura da yanayin sama, da kayan buɗe ƙofa, da sarrafa wuta. Shoninki na 1681 ya lissafa shigar burtu bakwai da ɗan leƙen asiri zai yi, ciki har da ta ɗan kasuwa, da ta malamin addini mai yawo, da ta mai wasa a titi. Ki lura da wannan sosai: mutumin da ke son kada a gane shi a garin maƙiya ba zai naɗe fuska da baƙi ya bi ta kan rufi ba, zai ɗauki kayan talla ya zauna inda ake hira ya saurara. Nasararsa ita ce ya dawo da labari lafiya, ba tare da ya zare makami ba. Baƙaƙen kayan nan masana da yawa suna danganta su da dandalin wasan kwaikwayo na kabuki, inda masu kawar da kaya ke sa baƙi don 'yan kallo su yi kamar ba su gan su ba. Miƙaƙƙen takobin da ake kira na ninja kuwa ba a samu shaidarsa ba kafin ƙarni na 20. Finafinan shekarun 1980 ne suka cusa wannan siffa a kan duniya, kuma ko a fim ɗin ma mai dirowar ƙwararre ne, da katifa a ƙasa, da igiya a bayansa, da yankan hoto.

Su waɗannan masu sayar da sirri sun san duk wannan. Za ka ga mutum ya ba kansa ɗamara mai daraja ta goma, ya ce ya gaji ilimin daga wani tsoho a kan dutse wanda ba wanda zai iya zuwa ya tambaya, ya yi bidiyo ɗalibansa suna zubewa tun bai taɓa su ba. Sai ya sayar wa yaro takardar shaida ta imel. Shi ba ya ganin yaron, bai san tsayin katangar ba, ba ya nan ranar da ƙafa ta karye. Jami'ar Mie ta buɗe cibiyar binciken ninja a Iga a 2017, malamanta suna nazarin tsofaffin takardu a fili, ba su ce za su koya wa kowa ɓacewa ba. Ta yaya wani mai kyamara a ɗakinsa zai fi su sani?

Daga darasin kuma sai makami, domin shagunan intanet na biye da shi. Ingila ta haramta taurarin jifa masu kaifi tun 1988. A 2022 aka kashe wani yaro ɗan shekara 16 a Wolverhampton ta Ingila da takobin ninja da aka saya ta intanet, kuma daga 1 ga Agusta 2025 aka haramta irin takobin a Ingila da Wales. Ki duba jakarsa da abin da yake nema a waya, ba don kin zarge shi ba, don ki riga mai tallan.

Ɓangaren 'yan fashin teku ma ba jarumai ba ne. Jirgin shahararren ɗan fashin teku Blackbeard na Faransawa ne na jigilar bayi da ya ƙwace a 1717, aka kashe shi a 1718. Wani ɗan fashin mai suna Bartholomew Roberts ya mutu a gaɓar Gabon a 1722, aka rataye mutanensa 52 a Cape Coast, a ƙasar Ghana ta yau.

Ban ce ki hana shi hotunan da gardamar ba, hanin zai sa ya ɓuya ne kawai. Ki zauna da shi ki tambaye shi me ya sa ya zaɓi ninja. In ya ce horo da ƙwarewa ne suka burge shi, ki nemo masa wurin koyon judo ko karate inda malami ke tsaye a kansa, wanda za ki iya shiga ki kalla, ki tambayi wa ya koya wa malamin. A judo darasin farko shi ne yadda ake faɗuwa a kan shimfiɗa ba tare da an ji ciwo ba, kuma sai ya maimaita shi har jikinsa ya saba kafin a bar shi ya ka da kowa. Amma sai likita ya ce ƙafar ta warke tukuna.