Tambaya da amsa: Na sa Wizardry a waya, layuka kawai nake gani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ne ya turo min wani tsohon gem wai shi Wizardry, na saka shi a emuleta (manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta) a wayata Android, amma ba abin da nake gani sai fararen layuka a baƙin skirin, ba taswira, ina tafiya sai in ɓata, kuma mutanena guda shida duk sun mutu na koma gari ban same su ba. Fayil ɗin ne ya lalace ko wayar ce ba ta iya ɗauka? RAM ɗinta 2GB ne.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wayarka lafiyarta lau, fayil ɗin ma bai lalace ba, haka gem ɗin yake tun asali. Wizardry: Proving Grounds of the Mad Overlord ya fito ne a 1981 a kan kwamfutar Apple II, wasu matasa biyu Andrew Greenberg da Robert Woodhead da suka haɗu a jami'ar Cornell a Amurka su suka rubuta shi da yaren kwamfuta na Pascal, kamfanin Sir-Tech ya sayar. Kwamfutar da aka yi shi dominta RAM ɗinta 48KB ne, kilobayit fa ba megabayit ba, faifan fulofi ɗinta kuma kusan 140KB yake ɗauka. To ka ga 2GB ɗinka ya ishe shi har ya yi yawa. Waɗannan layukan da kake gani su ne bango da ƙofofi na kurkukun ƙarƙashin ƙasa, iya abin da injin zai iya zanawa kenan a lokacin.

Maganar taswira kuwa, nan ne nake so ka tsaya ka fahimta don shi ne gem ɗin gaba ɗaya. Kurkukun hawa 10 ne, kowane hawa gida 20 a tsaye 20 a kwance, kuma ba wanda zai zana maka, kai za ka zana. Mutanen wancan lokacin takarda mai gida-gida suke ajiyewa a gefen kibod, irin ta girafi ta lissafi, taku ɗaya gida ɗaya, in ka ga ƙofa ka sa alama, in ka faɗa rami ka rubuta. Kuma masu gem ɗin da gangan suka sa wuraren da za su rikita ka, akwai inda za ka taka ya juya ka ba ka sani ba kana zaton arewa kake fuskanta alhali ka koma yamma, akwai inda duhu ne ɗungurungum ba ka ganin ko bango, akwai wanda zai ɗauke ka ya jefa wani ɓangaren ba sanarwa. Maganin wannan shi ne sihirin DUMAPIC da Mage, wato mai sihirin tawagarka, yake koya tun farko-farko, yana gaya maka taku nawa kake gabas da arewa daga matakalar shiga, da hawan da kake, sai ka gyara zanenka. Ni a ganina duk wanda ya je intanet ya sauko da taswirar da wani ya riga ya zana ya zubar da rabin daɗin, domin wannan tsoron na ban san inda nake ba ga mutanena jini ya kusa ƙarewa, shi ne abin da ya riƙe mutane shekara da shekaru.

Su kuma mutanenka shida suna nan inda suka faɗi. Dokar gem ɗin ita ce in duk suka mutu a ciki, gawarwakinsu na can, sai ka haɗa sabuwar tawaga, ka bar gurbi a cikinta, ka je ka ɗauko su ka kai Temple of Cant, wato wurin ibadar da ke cikin gari, ka biya zinare a tashe su. Tashin ma ba tabbas, in ya ƙi, mutum ya zama toka, in aka sake gwadawa ya ƙi to ya tafi kenan har abada. Saboda haka a farko kar ka yi nisa da matakala, yi faɗa ɗaya ko biyu ka koma gari ka huta. Ukun gaba su ne ke kai sara, sa masu ƙarfi a nan, Mage da Thief (ɓarawon tawaga) su tsaya baya, sihirin KATINO yana sa abokan gaba barci yana ceton rai sosai, kuma kar ka buɗe akwati sai Thief ya duba tarko.

Emuleta tana da abin da ake cewa save state, wato ka daskarar da gem ɗin a inda kake ka dawo duk sanda aka kashe ka. Ban hana ka ba, musamman in caji na yanke maka, amma ka yi shi a gari kawai kafin ka shiga, kar ka riƙa yi kafin kowane faɗa.

A waya na fi ba ka shawarar ka nemi na Nintendo wanda ya fito a Japan a 1987, ka kunna shi da emuletar RetroArch, saboda na Apple II kibod yake so, har sunan sihiri sai ka rubuta da hannu, a tabawar skirin wahala ce. A Japan ɗin ne ma gem ɗin ya fi samun karɓuwa, gem ɗin Dragon Quest na 1986 da na Final Fantasy na 1987 duk sun ɗebi tsarinsa na faɗa bi da bi. In kana da laftof mai ɗan ƙarfi, kamfanin Digital Eclipse ya sake gina shi da zane na zamani ya fito cikakke a 2024, a kan ainihin kod ɗin Apple II aka ɗora shi, yana nan a Steam, kasuwar sayar da gem ta intanet, na kuɗi ne, kuma za ka iya kunna tsohon skirin ɗin a gefe kana ganin yadda yake a da.