Gado ne ko guzuri? Amsa ga mai aiki da Vim

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto mini cewa yana rubuta jerin umarni a Bash, manhajar da ke karɓar umarni a rubuce ta aiwatar da su a kwamfuta, jerin kuma ya buɗe masa manhajar rubutu ta Vim da saitin da yake so, misali faɗin layi ya tsaya a haruffa 72. Ya ce Turawa na kiran wannan miƙa saiti da kalmar gado, shin ya yi bayani ga abokansa da "kyan ɗa ya gaji ubansa"?

Ɗana, na ji daɗin tambayar nan, domin ka sa ni duba kalmomi uku da muke furtawa kullum ba tare da mun auna su ba.

Karin maganar da ka kawo tana da gindin zama. Masu kwamfuta kansu uba da ɗa suke cewa: Bash ne ya haifi Vim a lokacin da ya buɗe shi, kuma wannan hanya ta miƙa saiti daga uba zuwa ɗa ta samo asali tun babbar manhajar Unix ta 1979. Sai dai Bahaushe ba ya cin gado sai mai dukiya ya kwanta dama, alhali Bash na nan da ransa, yana jiran Vim ya gama ya dawo.

Ni guzuri nake cewa. Guzuri shi ne abin da ake ƙulla wa matafiyi kafin ya fita, kamar ƙuli-ƙuli da garin kwaki a ƙullin leda. Idan ka rubuta FADI=72 kawai, abin na cikin ɗaki, ba a ƙulla ba. Sai ka ce export FADI=72 sannan ya shiga jaka, Vim ya kwance shi da let &textwidth = $FADI. Kuma duk abin da matafiyi ya yi da guzurinsa, ko ya cinye ko ya sauya, bai taɓa rumbun gida ba. Haka Vim ba ya iya canza abin da ke wurin Bash. Mai Emacs, wata manhajar rubutu irin Vim, ma ya san wannan: idan manhajar ta daɗe a kunne yana shiga ta emacsclient, wato umarnin da ke haɗa shi da Emacs ɗin da ke kunne, getenv, umarnin duba guzuri, tsohon guzuri zai nuna masa, don wanda ya riga ya kama hanya ba a ƙara masa.

Kalma ta uku ita ce sallahu, saƙon da ake ba mai tafiya baki da baki a bakin ƙofa. Shi ne vim -c "set textwidth=72" takarda.txt. A nan ka kula da lokaci: abin da ka faɗa da --cmd a maimakon -c ana aiwatar da shi kafin a karanta vimrc, wato fayil ɗin saitin Vim, don haka vimrc na iya shafe shi, na -c kuwa sai bayan an buɗe takardar.

Ka gwada wa abokanka guzuri da sallahu, ka rubuto mini wadda ta fi zama a bakinsu.