Na fi tayi, amma aka sallama wa wani: dillalin ya cuce ni?

Tambaya: Ni da maiɗakina mun ga gidan da ya kwanta mana, muka taya. Dillalin mai gidan ya ce akwai wasu mutum biyu da suka taya, in kawo tayina na ƙarshe cikin kwana biyu. Na tambaye shi nawa suka taya, ya ƙi faɗa. Na ƙara sosai a kan kuɗin da aka sa wa gidan. Bayan kwana uku ya ce an sallama wa wani. Daga baya na ji cewa wanda ya saya bai kai kuɗina ba, kuma wannan dillalin ne ya kawo shi. An yi mini adalci kuwa? Me zan iya yi?

Amsa: Malam, abubuwa uku ne a cikin tambayarka, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Biyun farko ba laifi ba ne a karan kansu. Na ukun ne ya kamata ka bi diddiginsa.

Ƙin faɗa maka abin da wasu suka taya ba cuta ba ce. Dillalin nan mai gida ne ya ɗauke shi, amanar mai gida ce a wuyansa, kuma aikinsa shi ne ya samo masa ciniki mafi kyau. Abin da kake binsa shi ne gaskiya: kada ya yi maka ƙarya, kada ya danne tayinka, kada ya ɓoye maka aibin gidan da ya sani. Yin shiru a kan kuɗin wasu yana cikin haƙƙin mai gida. Ƙa'idojin ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka ma cewa suka yi dillali zai bayyana cewa akwai wasu tayin ne idan mai gida ya yarje masa. Wasu wurare sun fi buɗe ƙofa. A Norway ana rubuta kowane tayi a kundi tare da lokacin da ya shigo, kuma wanda ya taya bai samu ba yana iya neman kwafin kundin ba tare da sunaye ba. A lardin Ontariyo na Kanada, wanda ya kawo tayi a rubuce yana da haƙƙin sanin yawan abokan takararsa, kuma tun Disambar 2023 mai gida na iya ba da izini a bayyana abin da tayin ya ƙunsa.

Sallama wa wanda bai kai ka kuɗi ba shi ma yana faruwa ba tare da wata maƙarƙashiya ba. Mai gida ba yawan kuɗi kaɗai yake dubawa ba, yana duba wanda cinikinsa zai kai ga ƙarshe. Mai kuɗi a hannu ya kan doke mai jiran bashin banki, domin banki zai aiko mai ƙiyasta darajar gida, kuma idan ƙiyasin bai kai kuɗin da aka taya ba, bankin ba zai biya giɓin ba. Wanda sai ya sayar da nasa gidan kafin ya biya, tayinsa rataye yake da wani cinikin da mai gida ba shi da iko a kai. Haka ranar biya da ranar tashi: mai gidan da ke bukatar wata biyu kafin ya kwashe kayansa zai iya fifita wanda ya yarda ya jira shi. Iyakar wannan 'yanci ita ce wariya. A Amurka, dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968 ta haramta ƙin sayar wa mutum gida saboda launin fatarsa, addininsa ko asalinsa, shi ya sa dillalai da yawa a can suke hana masu saye haɗa tayinsu da wasiƙar roƙo mai ɗauke da hoton iyali.

Inda hankali bai kwanta ba shi ne cewa dillalin ne da kansa ya kawo wanda ya saya. Duba lissafin la'ada. A ce, don misali, la'ada biyar ce cikin ɗari, ana raba ta biyu idan mai saye ya zo da nasa dillalin. Ka taya 102 ta hannun wani dillali: rabon dillalin mai gida 2.55. Mutumin da ya kawo da kansa ya taya 98: la'adar duka tasa ce, 4.9. Mai gida ya yi asarar 4, dillali kuwa ya kusa ninka abin da zai samu. Wannan ba hujja ba ce cewa ya yi ha'inci, amma ya nuna maka inda kwaɗayi zai iya shiga, kuma saboda haka ne wasu jihohin Amurka suka hana dillali ɗaya ya wakilci mai saye da mai sayarwa a ciniki ɗaya, sauran kuma suka wajabta a sanar da ɓangarorin biyu su amince.

Ha'incin, idan an yi shi, ya kan bi ɗaya daga hanyoyin nan. Ko dai ba a kai tayinka gaban mai gida ba sam, ko an kai shi a makare bayan ya riga ya sa hannu, ko an kai shi ana kushe shi da cewa kuɗinka ba tabbas. Ko kuma an tsegunta wa ɗayan abin da ka taya don ya gyara sharuɗɗansa, kai kuwa an bar ka a duhu. Akwai kuma tayin ƙarya, wato a ƙirƙiro mai saye da babu shi don ka ƙara kuɗi, abin da malaman fiƙihu ke kira najashi, kuma hadisi ya hana. A Birtaniya, dokar dillalan gidaje ta 1979 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 1991 sun wajabta wa dillali ya isar da kowane tayi ga mai gida a rubuce ba tare da jinkiri ba, sun haramta masa ƙirƙirar tayi, sun kuma tilasta masa bayyana duk wata maslaha tasa ko ta danginsa a cinikin.

Yanzu abin yi. Rubuta wa dillalin, ka sa shugaban kamfaninsa a cikin wasiƙar, ka yi tambaya uku a gajarce: wace rana aka kai tayina ga mai gida, ta wace hanya, kuma shin kai ko kamfaninku ne kuka wakilci wanda ya saya? Nemi amsa a rubuce. Kada ka sa zargi a ciki, domin abin da ka ji ta bakin wasu ba shaida ba ne, kuma kuɗin da aka sayar da gida ba ya tabbata sai an ga takardar rajista. Tattara saƙonnin waya da imel da kwafin tayinka, ka jera su bisa kwanan wata. Idan ya ƙi amsawa ko amsarsa ta ci karo da takardunka, kai ƙara ga hukumar da ke ba dillalai lasisi ko ƙungiyar da yake cikinta. Ka sani tun yanzu cewa wannan da wuya ya dawo maka da gidan. Abin da ya kan haifar shi ne ladabtar da dillali, wani lokaci da diyyar kuɗin da ka kashe. Mai gidan ma yana da ta cewa, domin idan an danne tayi mafi tsoka, shi aka fi cuta.

A ciniki na gaba, kada ka yi tayi da baki. Rubuta kuɗin, da yadda za ka biya, da shaidar banki, da ranar da kake son a kammala, da wa'adin da tayin zai faɗi, kamar awa 48. Tun kafin ka taya, tambayi dillali a rubuce ko yana wakiltar wani daga cikin masu neman gidan, da yadda za a zaɓi tayi: rufaffen tayi ne a rana ɗaya, ko za a dawo wa kowa ya ƙara? Wasu na sa sharaɗin cewa za su ɗara duk tayin da ya fi nasu da wani adadi har zuwa wata iyaka. Yana aiki, amma ya tona iyakarka, don haka kada ka sa shi sai da sharaɗin za a nuna maka kwafin tayin da ka ɗara. Kuma duk yadda takara ta yi zafi, kada ka yafe binciken takardun mallaka da duba lafiyar ginin don tayinka ya burge. Idan lokaci ne matsalar, rage kwanakin binciken zuwa biyar ko bakwai, ka tanadi lauya da mai duba gini tun kafin ka miƙa tayin.