Dala 50 kafin a shiga kotu: in ya nema ana iya yafe masa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana na fari yana Amurka, a unguwar Bronx ta birnin Niyok, yana tuƙin tasi. Bara ciwon baya ya kwantar da shi wata da watanni, bashin asibiti da na katin banki suka taru masa, har masu mota suka zo suka ɗauke motar. Yanzu gadi yake yi kwana uku a mako, ga matarsa ga 'yarsu ɗaya. Ya ce zai je kotu ya ayyana karayar arziki, amma wai sai ya fara zama da wasu masu ba da shawara kan bashi, kuma su ma dala 50 suke so, ban da kuɗin kotu. Malam, wanda ba shi da ko sisi ne za a ce ya biya kafin a yarda ba shi da ko sisi? Ko dai cutarsa ake so a yi? Ƙarshen wata ni ce da ɗaukar adashi, ina so in tura masa. Sannan akwai filin da ya saya a nan, ƙanensa na cewa a sauya takardun zuwa sunan shi ƙanen tun da wuri.
Hajiya mai sayar da atamfa, Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara masa lafiya, ya yaye masa. Riƙe adashinki tukuna.

Ba cuta ba ce, doka ce. Tun 2005 majalisar Amurka ta gyara dokar karayar arziki, ta ce duk mutumin da zai shigar da takardunsa sai ya yi wannan zama a cikin kwana 180 kafin ranar shigarwa. Awa ɗaya ne zuwa awa ɗaya da rabi, ta waya ko ta intanet ko ido da ido. Za su duba abin da ke shigo masa da abin da ke fita, su ga ko akwai hanyar biya ba sai an kai ga kotu ba, sannan su ba shi takardar shaida. Ba dole ne ya bi shawararsu ba. Takardar kawai kotu ke nema, kuma wanda ya je babu ita ana iya korar ƙararsa, kuɗin da ya biya kotu ya bi ruwa.

To amma tambayar da kika yi, masu dokar ma sun hango ta. Dokar da ta wajabta zaman ita ce kuma ta ce ƙungiyar da aka ba izinin wannan aiki ba za ta juya wa mutum baya don ba shi da kuɗin biya ba. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, wadda ke ba su izini a duk jihohi ban da Alabama da Karolina ta Arewa, ta sa ma'auni: in kuɗin da ke shigowa gidan gaba ɗaya bai kai kashi 150 cikin 100 na layin talauci na gwamnati ba, ana ɗauka mutum ba zai iya biya ba. A 2025 layin ga gida mai mutum uku dala 26,650 ne a shekara. Kashi 150 ɗinsa ya kama dala 39,975, wato wajen dala 3,330 a wata. Duk farkon shekara ana sabunta adadin, don haka ya duba na bana. Mai gadin kwana uku a mako, in dai matarsa ba babban albashi take ɗauka ba, da wuya ya haura wannan.

Na san dala dubu uku a wata in aka juya ta zuwa sidi, kuɗin Ghana, sai mutum ya riƙe baki. A can, hayar ɗaki kaɗai na iya cinye fiye da rabi.

Abin da ke hana mutanenmu cin moriyar wannan dama shi ne kunya. Ba wanda zai bi ɗanki da yafiyar, shi zai buɗe baki. Kafin a fara zaman, kuma kafin ya biya ko dala ɗaya, ya ce musu yana neman a ɗauke masa kuɗin saboda rashin hali. Wajibi ne su gaya masa farashinsu da ƙa'idarsu ta yafewa tun kafin a soma. Za su nemi shaida: takardun albashi na baya-bayan nan, nasa da na matarsa, ko takardar harajin bara, ko wasiƙar da ke nuna gidan na karɓar tallafin abinci ko Medicaid, wato tallafin jinya na gwamnati ga marasa hali. Wata ƙungiyar za ta yafe duka, wata ta ce ta duba ta ga zai iya ba da wani abu, sai ta rage. In bai gamsu ba ya buga wa wata, suna da yawa, wasu ma farashinsu na asali bai kai rabin hamsin ba. Sharaɗi ɗaya ne: sunan ƙungiyar ya kasance cikin jerin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da su a yankin kotunsa. Takardar da ta fito daga wajen jerin nan ba ta da amfani, ko kyauta aka ba shi.

Kada kuma ya yi zaman da wuri ya koma ya kwanta. In kwana 180 suka cika bai shigar ba, sai ya sake.

Kuɗin kotu ya fi wannan nauyi. A Babi na 7 na dokar karayar arziki, inda ake shafe yawancin bashi irin na asibiti da katin banki, dala 338 ne, kuma alƙali na iya yafe shi ga wanda ke ƙasa da wancan ma'aunin kuma ba zai iya biya kaɗan-kaɗan ba. Fom ɗin shi ne 103B. In an ƙi, fom 103A na ba shi damar raba biyan har kashi huɗu. Babi na 13, na masu biyan bashi a hankali cikin shekara uku zuwa biyar, dala 313 ne, shi ana rabawa amma ba a yafewa. Bayan shigarwa akwai darasi na biyu kan tafiyar da kuɗi, wanda sai an yi shi ake shafe bashin, shi ma ana neman yafiyarsa ta hanya guda.

Yanzu maganar fili, wadda kika sa a ƙarshe, ni kuwa ita ta fi tayar mini da hankali. Hajiya, ki tsawata wa ƙanen nan. Dokar ta ce dukiyar mai ƙara a lissafa ta duk inda take a duniya, filin Kumasi da asusun banki na Niyok duk ɗaya ne a wurinta. Takardun suna tambayar duk abin da ya sayar ko ya sauya wa suna cikin shekara biyu, da kyautar da ta wuce dala 600 ga mutum ɗaya, wato har kuɗin da yake turo miki zai rubuta. Bisa rantsuwa yake sa hannu. Kuma wakilin da ake naɗawa don duba dukiyar mai ƙara yana karanta takardun banki, inda duk kuɗin da aka turo gida na siminti da bulo yake a rubuce. In aka gano ya ɓoye, ana iya hana shi shafe bashin gaba ɗaya, kuma laifi ne da ke kai mutum gidan yari har shekara 5. Garin neman gira kada a rasa ido.

Faɗin gaskiya ba ya nufin lalle filin ya tafi, domin doka na bar wa mai ƙara wani adadi na dukiyarsa, gwargwadon darajarta da tsarin da ya zaɓa. Wannan lissafin lauya ne, kuma a Niyok akwai ƙungiyoyin lauyoyi masu yi wa marasa hali aiki kyauta. Abin da za ki tura masa a makon nan shi ne hoton takardun filin, da ranar da aka saya, da nawa aka biya, da abin da dillalan unguwar ke cewa zai yi yau. Ya kai wa lauya su kafin ya cika fom ko ɗaya.