Amsa ga Hajiyar da ɗanta ya nace sai wasan dats

Hajiya, na ga tambayarki, cewa yaronki ɗan shekara 14 ya ƙwallafa rai sai ya zama ɗan wasan dats, wato jifan allo da ƙananan kibiyoyi, kamar matashin nan na Ingila Luke Littler, ki bar shi ko ki hana. Sai da gabana ya faɗi wallahi, don nawa ma da haka ya faro.

Ki zaunar da shi ya san Littler ba daga sama ya faɗo ba. Tun yana ɗan tatsitsi yake jifa, ya daɗe a makarantar dats ta St Helens kafin a san da shi. Yana da 16 ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Landan, Janairun 2024, Luke Humphries ya doke shi 7-4. Da shekara ta zagayo Littler ya lallasa Michael van Gerwen 7-3 a wasan ƙarshe, ya tafi da fam 500,000. Kuɗin nan ne ke ruɗa yaranmu. Alhali mutum 128 kacal ke riƙe da katin shiga gasannin ƙwararru na PDC, hukumar da ke shirya gasar duniyar, wanda ya samu ma in ya cika shekara biyu bai shiga sahun 64 na farko ba, katin ya tafi.

Amma ni abin da ya fi ci mini rai wani mutum ne a kulob ɗin su ɗana. Kullum yana gefen allo yana zuga yaron, wai hannunsa zinariya ne, shi zai ɗauki nauyinsa. Har riga ya buga masa da sunansa a baya. Ya ce kuɗin masauki da na mota zuwa Milton Keynes, inda ake fafatawar neman kati a watan Janairu, duk a wuyansa. Muka isa cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi, aka ce ba wanda ya kama mana ɗaki. Kira, wayarsa a kashe. Saƙo, shiru. Babansa ya zaro kuɗin hayar gida ya biya, ko uffan bai ce ba, ni kuwa ina mota ina kuka. Washegari yaron ya tsaya a layin jifa, ya ɗaga kibiya, yatsunsa suka ƙi sakinta. Ya sauke, ya sake ɗagawa, gumi na zuba ta bayan kunnensa. Ciwo ne sananne a wasan, har tsohon zakaran duniya Eric Bristow ya yi fama da shi, amma ki gan shi a jikin ɗanki daban ne. Mutumin nan kuma har yau yana nan yana zuga 'ya'yan mutane, in mun haɗu ma gaishe ni yake yi. Na bar shi da Allah.

Don Allah kada ku sa hannu a takardar kowa. Kuma ki nema masa makarantar yara ta JDC, ƙungiyar da ke kula da dats na yara, ba gasar mashaya ba, don yawancin wasannin unguwa a can ake yi. Ki sani kuma kamfanin caca ne, Paddy Power, ke ɗaukar nauyin gasar duniyar, gara ke da babansa ku yi masa wannan maganar tun yanzu. Surutun dangi kuwa ki shirya masa, ni har daga gida aka bugo mini wai na saki yaro yana yawon gidan giya.

Hana shi ƙarfi da yaji dai ban ba ki shawara ba, ɓoyewa zai yi. Ki kafa masa allo a gida, da sharaɗin sai ya gama GCSE, jarrabawar sakandare ta Birtaniya, tunda ko gasar matasa ta PDC ba ya shiga sai ya cika 16. Lissafinsa ma zai gyaru, don a wasan daga 501 ake ta cire maki, nawa yanzu kafin in latsa waya ya cire 57 daga 501. Ki sa katako a bayan allon, mu sai da mai gida ya cire mana kuɗin bango.